Dakta Zuwairatu Ɗanmusa Arikya, Mai Binciken Nono da Ciwon Suga (1962 zuwa 2024)

Haihuwa da nasaba

An haifi Zuwairatu Ɗanmusa a ranar Laraba, 14 ga watan Maris na shekarar 1962, a Arikya ta ƙasar Lafiya. Mahaifinta, Malam Ɗanmusa, Bagwandare ne manomin doya da gyaɗa, wanda ya gaji gonakinsa daga iyaye da kakanni, mahaifiyarta kuwa ita ce Sabuwa, wadda ta yi suna a unguwarsu wajen suyar ƙuliƙuli. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma mace ta farko a gidan. Ta fara karatun allo tana da shekara biyar a zauren limamin unguwa, ta kuma taso tana jin Gwandaranci a gida, Hausa a kasuwa, da ɗan abin da ya sawwaƙa na harshen Tibi daga 'ya'yan manoman da suka zo daga kwarin Binuwai suka zauna kusa da gonar mahaifinta.

Neman ilimi

A watan Janairun 1969 aka sanya ta a makarantar firamare, ta kammala a 1975 da sakamakon da ya ba ta gurbi a wata makarantar kwana ta 'yan mata a kan tsaunukan Filato. A can ne ta haɗu da Erdoo Torkula, 'yar ƙabilar Tibi daga Agyaragu, wadda gadonta yake kusa da nata, abotar da ta ɗore har ƙarshen rayuwa.

A wannan makaranta ne kuma ta fara cin karo da mas'alar da daga baya ta zama aikinta. Kowace safiyar Asabar ana dama wa ɗalibai madarar gari a cikin babbar tukunya, kowa ya sha kofi guda dole, kafin azahar kuwa sai a ga fiye da rabin ɗakin kwanan suna riƙe da ciki, wasu da kumburi, wasu da gudawa. Erdoo tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. Zuwairatu kuwa takan shanye nata, ta karɓi na Erdoo a ɓoye ta ƙara, ba abin da yake samunta. An ruwaito cewa wata rana Erdoo ta dube ta ta ce, "Zuwaira, wai ke cikinki da ƙarfe aka yi shi?" Malaman kuwa sun ɗora laifin ne a kan ruwan rijiyar makarantar.

Ta kammala sakandare a 1980, ta wuce Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ta karanci ilimin sinadaran jikin ɗan Adam da na abinci, ta sami digiri a 1985. Ta yi hidimar ƙasa a Jihar Oyo, ta dawo gida a ƙarshen 1986.

Aure da kama aiki

A watan Disamban 1986 aka ɗaura aurenta da Malam Abdulbaƙi, malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare ta Lafiya, mutum mai haƙuri da son raha, suka tare a unguwar Bukan Sidi, a gidan da ba su taɓa barinsa ba. A watan Afrilun 1987 ta kama aiki a babban asibitin gari a matsayin jami'ar tsara abincin marasa lafiya, aka ba ta wani ƙaramin ofishi a bayan ɗakin magani, wanda cikin ƙanƙanin lokaci ya zama matattarar masu ciwon suga. Ta shahara da tambaya: ba ta sallamar majiyyaci sai ta ji abin da ya ci tun daga karin kumallo har tuwon dare, ta kuma rubuta shi a babban littafi mai baƙin bango. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, Lafiya ta zama babban birni, jama'a suka yi ta kwararowa, masu ciwon suga suka ninka, littattafanta suka kai tara.

Takardar 1998

Daga nazarin waɗannan littattafai ne ta lura cewa da yawa daga cikin majiyyatanta, musamman manoman Alago, Eggon, Migili da Tibi, suna kukan ciki idan sun sha madara. Sai ta yanke hukunci, bisa kyakkyawar niyya amma ba tare da cikakkiyar hujja ba, cewa jikin da ba ya karɓar madara, madara tana cutar da shi ta ciki, kuma tana iya tayar da ciwon suga. A watan Yunin 1998 ta wallafa wata takarda mai shafi biyu da Hausa da Turanci, tana shawartar duk wanda ke da suga, ko aka taɓa yin ciwon a gidansu, da ya nisanci madara, nono da kindirmo baki ɗaya. An manna takardar a asibitoci, an karanta ta a masallatai da majami'u, jama'a kuma suka karɓe ta hannu biyu domin sun amince da mai ita.

Bayan wata takwas, a Fabrairun 1999, wata mata mai suna Halimat, Bafulatana, shugabar masu tallar nono a babbar kasuwar Lafiya, ta zo ofishinta da ƙwarya a ka, ta sauke ta a kan tebur, ta gaishe ta cikin ladabi, sannan ta ce, "Malama, an ce ke kika hana mutane shan nono. Kullum da rabin ƙwarya muke komawa ruga. Ni dai tambaya ɗaya na zo yi. Mu da muke shansa safe da yamma tun muna goye, ina namu sugan?"

Zuwairatu ta ba ta amsa irin ta ma'aikata, cewa jiki da jiki sun bambanta. Halimat ta ɗauki ƙwaryarta ta ce, "To ki binciko bambancin, Malama, kafin ki rubuta wata." Maigidanta ya sha ba da labarin cewa ta yi mako guda ba ta da wani zance a gida sai wannan tambaya. Ba ta janye takardar ba, domin ba ta da dalilin janyewa, amma tun daga ranar ba ta ƙara buga sabbin kwafi ba.

Komawa karatu

A shekarar 2007 wani tsohon abokin karatunta ya aiko mata da wata mujallar kimiyya, wadda a cikinta aka yi bayanin abin da masana suka gano game da narkewar madara a jikin manya. Bayanin shi ne: kowane jariri yana zuwa duniya da wani sinadari a hanjinsa mai narkar da sukarin da ke cikin madara, a yawancin mutanen duniya wannan sinadari yana raguwa bayan yaye, shi ya sa madara take kumbura musu ciki idan sun girma, amma wasu suna gadon wani ɗan sauyi a ƙwayoyin halittarsu wanda yake barin sinadarin yana aiki har tsufa, kuma wannan gado ya fi yawa a cikin al'ummomin da suka daɗe da kiwo. 'Ya'yanta sun tabbatar cewa a tsaye ta karanta maƙalar, a tsakar gida, ta bar miya a kan wuta har ta kama, sannan ta kira Erdoo a waya, wadda a lokacin take babbar nas a Agyaragu, ta ce mata, "Erdoo, ba rijiya ba ce! Wallahi ba rijiyar makaranta ba ce! Gado ne!"

Tana da shekara arba'in da shida, da 'ya'ya huɗu, ta nemi izinin ƙaro karatu, ta shiga Jami'ar Jos a 2008, ta kammala digiri na biyu a 2010, ta zarce na uku a 2011. Tambayar da ta sa a gaba ita ce: shin akwai alaƙa tsakanin wannan gado na narkar da madara da lafiyar jiki ta fuskar suga, ƙiba, hawan jini da kitsen jini, a tsakanin al'ummomin Lafiya, inda makiyayi da manomi suke cin kasuwa ɗaya? A Jos ɗin ta haɗu da Dakta Terlumun Aper, masanin ƙididdiga, wanda ya zama abokin aikinta, shi ne kuma mai riƙe da lissafin binciken tun daga farko har ƙarshe.

Binciken 2012 zuwa 2014

An fara aikin a watan Oktoban 2012. Tsarinsa mai sauƙi ne: mutum zai zo da safe bai karya ba, a auna tsawonsa, nauyinsa da bugun jininsa, a ɗan soki yatsarsa a duba suga, a ba shi kofin ruwa mai sukarin madara ya sha, a sake dubawa bayan ɗan lokaci domin a ga ko jikinsa ya narkar, daga ƙarshe ya tofa yawu a ƙaramar kwalba da za a kai ɗakin gwaji domin duba ƙwayar gadon. A Bukan Sidi da Arikya aikin ya tafi lami lafiya. A rugage kuwa Halimat ce da kanta ta shige gaba, ta tara mata da maza fiye da ɗari biyu a cikin sati uku, tana cewa so take a gama a wanke nono daga zargi.

A Agyaragu ne aka sami cikas mafi girma. A farkon 2013, lokacin da zaman manoma da makiyaya ya yi tsami a wasu sassan jihar, jita-jita ta bazu cewa yawun da ake karɓa za a yi amfani da shi ne a tantance wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa kuma yake da jinin makiyaya, domin a ƙwace gonaki. A ranar da aka tsayar, mutum huɗu kacal suka zo, wasu matasa kuma suka tare motar ma'aikatan suka ce ba za ta fita da kwalba ko ɗaya ba. Da a ce an rasa Agyaragu, da an rasa babban kaso na manoman da za a kwatanta da makiyaya, binciken kuma da ya rushe.

Zuwairatu ta nemi a tara jama'a a harabar majami'a ranar Lahadi bayan an tashi daga ibada. A wurin wani dattijo mai suna Akaa, manomin doya da ake jin maganarsa, ya miƙe ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, "Madam, mu ba ya tsoron allura. Amma wannan yawu da kai yana karɓa, za ka kai shi ina? Gobe wani ya zo da takarda ya ce Akaa ba ɗan nan ba ne, wa zai tsaya mini?"

Ta amsa masa cewa babu suna a kan kwalba sai lamba, kuma gwajin ba ya faɗin ƙabilar kowa. Sannan ta fito da takardar sakamakonta na kanta, wanda aka yi tun farkon aiki, ta ɗaga ta sama ta ce, "Baba, ni Bagwandariya ce, uwa da uba, kowa ya san gidanmu a Arikya. Ga shi nan, ina ɗauke da gadon nan irin na masu shanu. Ƙanena kuwa, ciki ɗaya, ba shi da shi. To a cikinmu wane ne baƙo?" Jama'a suka yi dariya. Erdoo ta fito gaba da kayan aikinta na nas, ta karɓi kwalba ta tofa a gaban kowa, ta ɗaga kofin ta ce, "Wannan abu zai wahalar da ni yau, kun sani, na sani. Amma zan sha." Ta shanye. Akaa ne ya biyo bayanta, kafin ƙarshen watan kuma an auna mutum ɗari uku da goma sha ɗaya a Agyaragu da ƙauyukanta. Da aka rufe aikin a watan Yulin 2014, adadin waɗanda suka shiga ya kai dubu ɗaya da ɗari da arba'in.

Game da nata gadon, mahaifiyarta Sabuwa ce ta warware mata shi daga baya, inda ta shaida mata cewa kakar ita Sabuwar ta wajen uwa Bafulatana ce da aka auro daga wata ruga ta gefen Asakiyo, labarin da ba a ɓoye ba, an dai daina ba da shi ne har aka manta.

Sakamako da janye takarda

A watan Maris na 2015 Dakta Terlumun ya kammala lissafi, ya taho Lafiya da kansa da takardun, domin ya ce ba abin faɗa a waya ba ne. Abin da ya fito ya girgiza ta. An sami gadon narkar da madara a kusan rabin Fulanin da aka auna, ba dukkansu ba, an kuma same shi jefi-jefi a cikin Gwandara, Alago da sauran manoma. Masu gadon sun fi shan madara, sun kuma ɗan fi nauyin jiki, amma ba su fi kowa ciwon suga ba. Babban abin mamaki yana wajen waɗanda ba su da gadon, wato mutanen da takardarta ta 1998 ta fi tsoratarwa: a cikinsu, masu shan ɗan nono ko kindirmo a kai a kai, wanda tsaminsa ya riga ya rage sukarin da ke damun ciki, sun fi waɗanda suka ƙaurace masa kyawun awon suga.

Dakta Terlumun ya ba ta shawarar ta wallafa sakamakon a mujallar masana ta yi shiru, domin babu wanda zai tuna da takardar da ta shekara goma sha bakwai. Ta ce masa, "Dakta, ni na tuna. Kuma har yanzu tana manne a bangon asibitin Arikya, na gan ta da idona."

A ranar Alhamis, 9 ga Afrilun 2015, ta shiga wani gidan rediyo na Lafiya a shirin lafiya na safe, ta bayyana wa masu sauraro da Hausa ƙarara cewa ta yi kuskure, cewa shawarar da ta bayar ba ta da tushe, kuma tana neman afuwar majiyyata da masu sana'ar nono. Ta ja kunne cewa nono ba maganin suga ba ne, cewa kada kowa ya ajiye ƙwayar maganinsa, kuma a guji cika masa sukari, sannan wanda cikinsa ba ya karɓa sam kada ya tilasta wa kansa. Daga gidan rediyon ta wuce kasuwa kai tsaye, ta sami Halimat a ƙarƙashin rumfarsu, ta durƙusa ta gaishe ta a gaban sauran mata, ta ce ta kawo amsar tambaya. Halimat ta saurare ta har ƙarshe, ta ce, "Shekara goma sha shida, Malama! Da saniya ce da ta haifi jikoki." Sannan ta dama mata fura da hannunta.

Ta kare kundin digirinta na uku a watan Nuwamban 2016, tana da shekara hamsin da huɗu, a zauren da Erdoo, Halimat da Malam Abdulbaƙi suka zauna a sahun gaba.

Shekarun ƙarshe

Dakta Zuwairatu ba ta gamsu da sakamakon farko ba, domin a cewarta awon rana ɗaya hoto ne kawai, kuma ita ta riga ta ɗanɗana illar saurin yanke hukunci. Saboda haka ta ƙudiri aniyar bin mutanen nan har shekara takwas, a riƙa auna su duk shekara, domin a ga su wane ne ciwon zai kama a zahiri. Ta yi wannan aiki daga 2015 zuwa 2023, damina da rani, a kan babur idan hanya ta yanke, tana bin makiyayan da suka yi ƙaura har Awe da Doma, tana neman manoman da suka sauya ƙauye ta hannun limamai da fastoci. Ta yi ritaya daga aikin gwamnati a 2022 bayan shekara talatin da biyar, ta sauke farali a 2023, amma ba ta fasa zagayen ba. A cikin waɗannan shekaru ta horar da ma'aikatan jinya fiye da sittin kan tsara abincin masu ciwon suga da abin da ke kasuwar garinsu, ta kuma koya wa matan rugage dafa madara kafin a kwantar da ita ta zama nono.

An kammala awon ƙarshe a watan Disamban 2023, da mutum ɗari takwas da saba'in da biyu da suka rage daga cikin na farko, ta tattara bayanan ta aika wa Dakta Terlumun a Jos. Iyalinta sun ce a makonnin nan ta zama kamar ɗalibar da ke jiran sakamakon jarrabawa, kowace safiya bayan ta idar da lazimi sai ta tambaya ko saƙo ya shigo.

Rasuwa

A ranar Asabar, 3 ga Fabrairun 2024, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gidanta tana shirin fita, aka garzaya da ita asibiti, likitoci suka tabbatar da bugun jini a ƙwaƙwalwa. Allah Ya yi mata rasuwa da hantsin Litinin, 5 ga Fabrairu, cikin watan Rajab na shekarar 1445 bayan Hijira, tana da shekara sittin da ɗaya. An yi mata salla bayan la'asar a ƙofar gidanta da ke Bukan Sidi, aka binne ta a maƙabartar unguwar, jana'izar da ta tara jama'a daga Arikya, Agyaragu da rugage masu nisa, Musulmi a sahu, Kiristoci a tsaye a gefe har aka idar.

Ta rasu ta bar mijinta, Malam Abdulbaƙi, da jikoki tara, da 'ya'ya huɗu: Imrana, injiniyan ruwa a Abuja, Sabuwa, wadda aka sa wa sunan mahaifiyar marigayiyar, malamar makaranta a Keffi, Muhusin, manomin shinkafa a Arikya, da auta Zuhra, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a Lafiya. Zuhra ce take riƙe da wayar marigayiyar a ranar addu'ar bakwai, lokacin da saƙon Dakta Terlumun ya shigo, ita ce kuma ta miƙe a tsakiyar mata masu zaman makoki ta karanta shi da ƙarfi: shekara takwas sun tabbatar da abin da awon farko ya nuna. Waɗanda suka halarta sun shaida cewa wata tsohuwa mai tallar nono daga can bayan rumfa ta rangaɗa guɗa, kafin ta tuna inda take ta rufe bakinta da mayafi. Babu wanda ya tsawata mata.

Allah Ya gafarta wa Dakta Zuwairatu, Ya sanya ilimin da ta bari ya zama mai gudana a gare ta, amin.